Akwai abin gani a Kete Krachi, ko ruwa ya cinye komai?

Abban_Nima: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mma, mahaifiyata, a Kete Krachi nan Ghana aka haife ta, tsohon garin, kafin ruwan tafkin Volta ya zo. Tana 'yar shekara tara ko goma suka taso zuwa Kumasi, daga baya aure ya kawo ta unguwar Nima a Akra, kuma tun daga ranar ba ta sake taka garin ba. Yanzu in an idar da isha'i sai ta ɗauko labarin kasuwar Kete, da wata tsamiya da ke ƙofar gidansu, da jiragen gishirin da kakarta ke ba ta labari. Na yi niyyar in yara sun sami hutun Disamba in kwashe su da ita mu je mu yi kwana uku. Sai wani abokin aikina ya ce in riƙe kuɗina, wai garin da take faɗa yana ƙarƙashin ruwa, sabon gari kawai zan tarar da kifi da doya. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka. Akwai abin gani? Wace hanya ta fi? Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya tafiyar?

Direban_Asawase: Wa alaikumus salam. Daga Akra hanya ɗaya ce mai hankali. Ka bi Tema, Kpong, ka haye gadar Adomi a Atimpoku, ka miƙa ta Jasikan da Worawora har Dambai. A Dambai za ku shiga pantun, wato babban jirgin fito mai ɗaukar motoci, da motarku ku haye kogin Oti, daga can sai Krachi. Ku taso da asuba. In kun makara pantun ya tashi aiki, a Dambai za ku kwana.

Hajiyar_Aboabo: Yaya Abba, ka kai ta. Ko da ruwa kaɗai za ta gani, ka kai ta. Tawa mahaifiyar ta rasu tana cewa a kai ta Salaga, kullum muna cewa sai baɗi.

Sadik_Madina: Ni gaskiya ina tare da abokin aikinka. Na je aiki na kwana biyu, ban ga wani abin da za a ce an yi doguwar tafiya dominsa ba. Gari ne shiru, kasuwa, masallatai, bakin ruwa. In don yara ne, ka kai su Akosombo su ga dam ɗin da ya tare ruwan tafkin, su ci abolo da soyayyen kifi a Atimpoku ku dawo a yini ɗaya. Ko Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku. Can akwai wurin kwana mai kyau, akwai jirgin shaƙatawa.

Malam_Sabon_Zango: Sadik, ka je ka dawo amma ba a nuna maka garin ba. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Da farko gari biyu ne. Krachi garin 'yan ƙasa ne, mutanen Guan, masu sarautar Krachiwura, kuma nan ne wurin tsafin Dente da ya yi suna har cikin Asante. Kete kuwa zango ne, garin fatake, mu ke nan. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sai ƙarfin Asante a kan hanyar goro ya karye, ciniki ya fara neman wasu kasuwanni. Sannan aka yi yaƙin basasa a Salaga a 1892, kan sarautar Kpembe, gari ya watse. Fatake da malamai da yawa suka gangaro Kete. Gishiri na hawowa daga Ada cikin jiragen katako, shanu da tufafi na gangarowa daga arewa, a haɗu a nan. Jamusawa suka kafa barikinsu a 1894, garin ya zama cikin Togo ta Jamus har yaƙin 1914. Bayan nan ya koma hannun Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta haɗa shi da ƙasar da ta zama Ghana.

Abin da ya fi duka a wurina shi ne Alhaji Umaru, wanda wasu ke ce wa Imam Imoru. A Kano aka haife shi a 1858, ya zauna Salaga, ya ƙare a Kete yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa. Malaman zangunanmu da yawa in ka bi salsalar karatunsu, a wurinsa za ta ɓulla. Wanda ya san wannan ba zai ce babu abin gani a Kete ba.

Sadik_Madina: Malam, na gode da karatu, wallahi ban san rabin wannan ba. Amma tambayata tana nan. Duk abin da ka lissafa a littafi yake. Ido me zai gani?

Yar_Fadama: Tambayar Sadik tana da kyau fa. Yara ba sa cin tarihi, sai an nuna musu abu.

Ɗan_Kete_a_Tafo: To ni ɗan garin ne, can na yi firamare, iyayena suna can har yau. Sadik ya yi gaskiya ta wani gefen, ba mu da wani gidan tarihi da za a yanka maka tikiti a zaga da kai. Amma akwai ragowar ginin dutse na zamanin Jamus a wajen bakin ruwa, muna yara muna wasa a wurin. Akwai tsofaffi da za su tsaya da kai a gaɓa su miƙa hannu su ce can kasuwa take, can masallacin Juma'a, can unguwarmu. Ni da kaina na ga wani dattijo daga Kumasi ya zo, aka nuna masa, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Sannan faɗuwar rana a kan tafkin nan, ban ga irinta ba a wani wuri. Kwalekwale na dawowa, mata na jira da kwanoni, hayaƙin banda na tashi. Yaya Abba, in ka zo kada ka fara da masauki, ka fara da gidan Sarkin Zango ka yi gaisuwa, ka faɗi sunan gidan su Mma. Za a samo wanda ya san su.

Abban_Nima: Allah ya saka da alheri ɗan'uwa. Wannan na neman gidan Sarkin Zango bai zo mini a rai ba sam.

Direban_Asawase: Ƙarin bayani ga mutanen Kumasi da ke karantawa, ku ba sai kun zagaya ta Akra ba. Mampong, Ejura, Atebubu, sai ku karya ta Kwame Danso har Kojokrom, nan ma fito ne zuwa Krachi. Amma wannan ruwan ya fi na Dambai faɗi nesa ba kusa ba.

Mai_Goro_Alabar: A kan wannan fiton zan yi magana, don na ga abin da ya sa ba na wasa da shi. Shekarun baya na je sayen bandar kifi, na makara pantun ya tafi, na ƙi jira. Na shiga jirgin katako mai inji, an loda buhunan gawayi da babura biyu da mutane har ba wurin miƙe ƙafa. Muna tsakiya iska ta taso. Ruwa ya fara shigowa, wani yaro na kwarfewa da roba, mata na salati. Sai muka ji ƙasan jirgin ya gogi wani abu. Kututture ne. Mutane ba su sani ba, da aka tare ruwan ba a sare itatuwa ba, daji guda ne a tsaye a ƙarƙashin tafkin nan, kuma shi ke fasa jirage. Allah ya yi da sauran kwana muka kai gaɓa. Don haka Alhaji Abba, in da tsohuwa da yara, pantun kawai. In ya tafi ku kwana. In kuma dole sai ƙaramin jirgi, kowa ya sa rigar ruwa, kada ka ji kunyar tambaya, kuma kada a shiga bayan la'asar.

Hajiyar_Aboabo: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Alhaji.

Ɗan_Kete_a_Tafo: Maganar Alhaji Mai Goro haka take. Sai dai Disamba da sauƙi, iskar da ke kifar da jirgi ta farkon damina ce. Abin da zai dame ku a Disamba hazo ne, wani lokaci ba ka hango ɗaya gaɓar. A taho wa Mma da rigar sanyi, bakin ruwa da asuba ba dama.

Ustaz_Sawaba: Ina da 'yar magana. Na ga ana ta ambaton wurin tsafi da gine-ginen Nasara. Musulmi ya kula da abin da zai kai iyalinsa gani. In ziyarar zumunci ce da addu'a ga magabata, madalla. Amma yawon buɗe ido don kallon wurin bauta na wasu, ban ga amfaninsa ba.

Malam_Sabon_Zango: Ustaz, ba wanda ya ce a je a yi bauta. Na ambaci Dente ne don ba a fahimtar yadda Kete ta kafu sai da shi. Kakanninmu baƙi ne a ƙasar mutane, suka zauna gefe guda da addininsu, masu gari na gefe da nasu, ana ciniki. Wani lokaci a yi daɗi, wani lokaci a yi rikici. Yaro ɗan zango ya kamata ya san haka, don yau ma zaman da muke yi ke nan a Nima da Aboabo.

Ustaz_Sawaba: In don sani ne ban ƙi ba, Malam. Na dai faɗi nawa ne saboda yara.

Binta_Legon: Ina so in ƙara a kan maganar Alhaji Umaru. Wani jami'in Jamus da ya yi mulki a Kete, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurinsa, kuma ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Rubuce-rubucen tarihi da yawa da Malam ya yi, ta hannun mutumin nan suka kai Turai. Mu nan Jami'ar Ghana da ke Legon, a Cibiyar Nazarin Afirka, akwai tarin rubutun Larabci da ajami da aka tattaro daga zanguna, da nasa a ciki. Ranar da na fara ganin kwafin wata waƙarsa na kasa karantawa, sai da na kai wa kakana a Mamobi. Ya sa tabarau ya rera mini ita da irin muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Muna da malami irin wannan, amma a makaranta ba a taɓa ambata mana sunansa ba ko sau ɗaya. Baba Abba, kafin ku tafi ka ba yaran labarinsa, don su san wurin wa za su.

Yar_Fadama: Binta, kakanki yana karantar da ajami? Da gaske nake, ina so in koya.

Binta_Legon: Anti, ƙarfinsa ya ragu, amma zan tambaye shi in turo miki saƙo ta gefe.

Sadik_Madina: Kun ga abin da nake faɗi. Takardun ma suna Legon, motar haya ta trotro ɗaya daga Nima. Me zai sa a wahalar da tsohuwa yini guda a mota?

Hajiyar_Aboabo: Sadik ɗana, kai yaro ne. Ba takarda take nema ba.

Tsohon_Maaikacin_Lantarki: Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki kan ruwan kansa, don na ga kamar ana magana a kai kamar annoba ce ta faɗo daga sama. An fara ginin dam na Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Nkrumah ya buɗe shi a farkon 1966. Tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500. Mutum kusan 80,000 aka tasa, aka gina musu sababbin matsugunai 52. An yi shi don wuta, musamman don masana'antar alminiyom ta Tema. Fitilar da Mma ke kunnawa a Nima, da injin niƙa, da firjin masu sayar da ƙanƙara, duk ruwan nan ne. Ba ina cewa ba a cuci kowa ba. Amma ƙasa ba ta ci gaba sai wani ya ba da wani abu.

Ɗan_Kete_a_Tafo: Baba, da girmanka, wanda ya bayar ɗin ba shi ya fara shan wutar ba. Mu da aka tasa mun daɗe muna karatu da aci-bal-bal, wayoyin wuta suna can kudu. Gidajen da aka ba mutane ɗaki ɗaya ne, a ce ka ƙarasa da kanka, mai mata biyu da 'ya'ya goma ya yi yaya? Gonakin fadama sun tafi. Kasuwa ta mutu, don hanyar da ke kawo fatake ruwa ya yanke ta, gari ya koma lungu, ta gabas fito, ta yamma fito. Shi ya sa irin su Mma suka watse Kumasi da Akra. Kakana yana ƙarƙashin ruwan nan, babana in zai yi masa addu'a gaɓa yake zuwa ya tsaya.

Tsohon_Maaikacin_Lantarki: Ban musa ba ɗana. Na yi aiki a ƙauyukan bakin tafki, na ga abin da kake faɗa da idona. Allah ya jiƙan kakanka.

Nurse_Mamobi: Ku bar ni in dawo da ku kan gwiwar Mma, don ita aka tambaya. Zama a mota tun asuba har yamma yana kumbura ƙafa. Ku riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ta taka kaɗan. In da hali ku raba tafiyar, ku kwana a Hohoe ko Jasikan. A ɗauki magungunanta na kwana bakwai ko da uku za ku yi, da katin inshorar lafiya, da gidan sauro. Yara kuma kada su shiga ruwan tafki wanka, akwai tsargiya. Gangaren shiga pantun yana da santsi, ta zauna cikin mota ko a riƙe ta hannu biyu.

Abban_Nima: Na gode ƙwarai Anti. Maganar tsargiya da ba ki faɗa ba, da na bar su sun yi iyo.

Kande_Mai_Waakye: Ni dai in kun je ku taho mini da doya da bandar tarwaɗa. Doyar yankin nan in ta sha daka, sakwararta ba ta kwana.

Mai_Goro_Alabar: Hajiya Kande, ki bari su je tukuna. Amma gaskiya ne, ku ci karfasa gasasshiya da banku a bakin ruwa, wadda aka fito da ita yanzu. Ta Akra ta sha ƙanƙara.

Yar_Fadama: Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma in za a kai yara gara a shirya. Za su ga sa'o'insu cikin kwalekwale suna jan koma da sassafe, lokacin makaranta. Wasu 'ya'yan masunta ne suna taya iyayensu, wasu kuwa kawo su aka yi daga nesa aka ba da su aiki, su ne ake sa wa su nutse su kwance koma in ta sarƙe a kututturen da Alhaji ya faɗa. 'Yata ta tambaye ni a Yeji me ya sa yaron can ba ya zuwa makaranta, na rasa amsa. Kada a ɗauke su hoto kamar abin kallo, don Allah.

Ɗan_Kete_a_Tafo: Akwai shi Anti, ba zan ɓoye ba, kuma ana yaƙi da shi. Sai dai ina roƙo kada sunan garinmu ya zama wannan kaɗai. Duk wanda ya zo da kyamara abin da yake nema ke nan, ba mai tambayar Alhaji Umaru.

Malam_Sabon_Zango: Shawara ta ƙarshe daga gare ni, Abba. In motarka na da ƙarfi kuma kwanakin sun kai biyar, ka wuce ta Banda da Kpandai ka kai Salaga. Can ƙasa ba ta nutse ba, rijiyoyin suna nan, wurin da aka yi kasuwar bayi yana nan. Yara su ga inda labarin ya faro, da mai daɗin da marar daɗin, don kakanninmu ba goro kaɗai suka yi fatauci ba. Gwanjan da ake faɗa a bakin tsofaffi, ita ce wannan.

Direban_Asawase: Malam, wannan hanyar da tsohuwa a mota? A'a. Ya bar Salaga sai wani zuwan, ta Kumasi da Yeji da Makango.

Sadik_Madina: Har yanzu ina ganin yaran za su fi jin daɗin Ada. Amma in don Mma ce, na janye rabin maganata. Ka je da ita kai kaɗai, yara a kai su wani wuri.

Hajiyar_Aboabo: A'a, da yaran. Wa zai riƙe labarin in ba su ji daga bakinta a wurin ba?

Abban_Nima: Jama'a na karanta wa Mma duk abin da kuka rubuta bayan magariba. Da na zo wurin da ɗan'uwa na Tafo ya ce ana tsayawa a gaɓa a nuna inda kasuwa take, sai ta yi shiru. Can ta ce ita ba ta bukatar a nuna mata, in dai aka tsayar da ita ta ga inda rana ke faɗuwa za ta gane gidansu. Ta kuma ce a gaya wa Sadik ta gode, ta san tsamiyar ba ta nan. Yanzu rigimar da ta rage tsakanina da uwargida ce, ita tana tsoron fito da yara. Ban yanke ba tukuna.

Ɗan_Kete_a_Tafo: Yaya, tambaye ta sunan mai unguwarsu na wancan lokacin, ko sunan malamin allonsu, ka turo mini ta gefe. Zan kira babana gobe bayan Juma'a.

Nurse_Mamobi: Ka ce wa uwargida ta kira ni, na haye Dambai da jariri a goye.

Direban_Asawase: Kuma ka duba tayoyinka da safaya kafin ka bar Akra. Bayan Worawora mai faci yana nisa.